GADO DA MAGANIN ASMA: DON ME MAGANI ƊAYA KE YI WA MUTUM BIYU AIKI DABAN?

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai



Da takardar Sakatare ta iso mini ofis cewa ni zan yi jawabin bana, sai da na sake duba ambulan ɗin ko an yi kuskuren suna. Ajinmu kaɗai ya fitar da likitoci uku, ni kuwa ma'aikacin gwamnati ne da ke fama da fayil da alƙaluma a sashen tsare-tsare. Na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Ai su labarin ciwon suka karanta, kai kuwa da shi ka kwana." Ban sami abin da zan ce masa ba. Saboda haka ina roƙon likitocin da ke nan su yi mini uzuri, in na yi tuntuɓe su gyara mini a lokacin tambayoyi.

Waɗanda muka shigo tare a 2001 ba su manta sunan da suka laƙaba mini ba, watau Mai Usur. Da zarar hunturu ya kama, aka tashe mu sharar asuba, ƙura ta turnuƙe, to ƙirjina ya fara busa ke nan har sai bayan Fabrairu. Ina yi wa malamin wasanninmu godiya a bainar jama'a, domin shi ne mutum na farko da ya yarda ba lalaci ke hana ni gudun ƙetare daji ba. A gida kuwa fuka ake ce wa ciwon, har wasu dangi suka riƙa raba ƙoƙon shana da na sauran yara don sun ɗauka tarin fuka ne. Ba ɗaya ba ne. Tarin fuka ƙwayar cuta ke kawo shi, ana kuma ɗaukarsa. Asma ba a ɗaukarta daga kowa, sai dai takan bi jini.

A ɗakin kwananmu mu biyu ne masu wannan lalura, ni da wanda ke gadon sama. Inhela iri ɗaya muke shaƙa, shuɗiyar nan ta Ventolin, wani lokaci ma guda ɗaya muke karɓa-karɓa in ta wani ta ƙare. Shi in ya shaƙa sau biyu sai ya ja bargo ya yi barcinsa. Ni kuwa numfashi zai buɗe, amma hannuna ya kama rawa, zuciyata ta riƙa dukan uku-uku, in kwana ido biyu. Ranar jarrabawar lissafi ta aji uku da ƙyar na riƙe biro. Na daɗe ina zaton tsoro ne ke damuna. Sai da na je jami'a na karanta kimiyyar sinadaran jiki sannan na fara gane cewa tambayar da nake yi wa kaina tun ina yaro, manyan masana ma ita suke yi.

Kafin in shiga cikinta, bari in tuna muku wani abu da kowa a nan ya gani da idonsa. Kun tuna kulorokwin, kafin a daina ba da shi a matsayin maganin farko na zazzaɓin cizon sauro a 2005? A asibitin makaranta za a ba yara goma, bakwai su warke lafiya lau, uku su kwana suna susa kamar an watsa musu ƙaiƙayi. In ka tambayi mai susar, sau da yawa zai ce maka babansa ma haka yake, ko babarsa. Wannan ƙaiƙayi ya fi yawa a cikin baƙar fatar Afirka, kuma yana bin gida-gida. Ga kuma sikila, wadda yanzu kusan ba a ɗaura aure sai an tambayi AA ne ko AS. Ashe ke nan ba baƙon zance na zo da shi ba. Mun riga mun san cewa abin da mutum ya gada ba dogon hanci da hasken fata kaɗai ba ne, har da yadda jikinsa ke karɓar magani.

Malamin bayolojinmu, wanda nake hange a layi na biyu, ya koya mana labarin Mendel da wakensa. A taƙaice, cikin kowace ƙwayar halittar jikinmu akwai zaren gado guda 46, rabi daga uwa rabi daga uba, kuma a jikinsu aka rubuta umarni wajen 20,000, waɗanda nake kira ƙwayoyin gado. Kowane umarni kwafi biyu ne da mutum. Rubutun nawa da naka kusan ɗaya ne, sai dai nan da can harafi guda yakan bambanta. A kan irin wannan harafi guda duk maganar tawa ta yau take.

Ciwon asma abu biyu ne a haɗe. Akwai kumburi a cikin hanyoyin iska na huhu, wanda yake nan ko da mutum yana jin lafiya, akwai kuma tsukewar naman da ya kewaye hanyoyin, wadda ke zuwa farat ɗaya. Don haka magungunan ma kashi biyu ne, masu buɗe hanya da masu kwantar da kumburi.

Mai buɗe hanya da kowa ya sani shi ne salbutamol, wanda ke cikin shuɗiyar inhela, an kuma fara sayar da shi tun 1969. Aikinsa kamar na makulli ne. A jikin naman hanyar iska akwai wani ɗan kwaɗo, in makullin ya shiga sai naman ya saki. Matsalar ita ce irin wannan kwaɗo ba a huhu kaɗai yake ba, akwai shi a naman hannu da ƙafa, akwai shi a zuciya. Makulli kuwa ba ya tambayar ƙofar wa zai buɗe. Daga nan rawar hannu da bugun zuciya suke.

Shi wannan kwaɗo, umarnin ƙera shi yana kan zaren gado na 5, masana suna kiransa ADRB2. Ku ɗauke shi kamar tsakiya 413 da aka jera a zare ɗaya. A gurbi na 16, wasu mutane suna da tsakiya mai suna arjinin, wasu kuma gilaisin. Wanda ya gaji arjinin ta wajen uwa da ta wajen uba duka, shi ne masana suka fi sa wa ido, kuma a Amurka wajen mutum ɗaya cikin shida haka yake. A 2004 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a can, inda aka ware masu asma bisa ga wannan gurbi, aka sa su shaƙar salbutamol kullum a kan ƙa'ida, ko da ciwon bai tashi ba. Masu gilaisin biyu suka ƙaru da shi. Masu arjinin biyu kuwa numfashinsu ya fi kyau a lokacin da aka janye musu shi. Watau ga mutum yana shan magani da gaskiya, safe da yamma, amma maganin yana mayar da shi baya.

Sai dai kada in yi muku rabin labari. A 2009 aka maimaita irin wannan gwaji da salmeterol, ɗan'uwan salbutamol mai dogon aiki, amma a wannan karon an haɗa wa kowa da maganin kumburi na shaƙa. Sai bambancin ya ɓace, masu arjinin da masu gilaisin duka numfashinsu ya inganta daidai wa daida. A wajen yara kuma, binciken da aka yi a Sikotilan ya nuna masu arjinin da ke kan salmeterol sun fi yawan tashin ciwo da fashin makaranta. Ga yadda na fahimci abin: gadon yana da tasiri, amma tasirinsa ya fi fitowa a inda aka bar mai buɗe hanya shi kaɗai ba tare da mai kwantar da kumburi ba.

Wannan ya kawo ni ga labarin da ya fi tayar mini da hankali cikin duk abin da na karanta. A 1996 aka fara wani babban gwaji a Amurka da mutum sama da 26,000, rabi aka ƙara musu salmeterol, rabi aka ba su inhelar da ba magani a ciki. A 2003 aka tsayar da shi kafin lokacinsa. Mutum 13 suka mutu da asma a cikin masu salmeterol, 3 a ɗaya ɓangaren, kuma haɗarin ya fi yawa a cikin baƙar fata. Nan da nan wasu suka ce ai jinin baƙar fata ne bai dace da maganin ba. Amma da aka duba da kyau, sai aka ga tun kafin a fara gwajin ciwonsu ya fi tsanani, kuma kaɗan ne cikinsu ke shaƙar maganin kumburi in aka kwatanta da farar fata. Talauci da rashin zuwa asibiti su ma suna bin gida-gida, har a ɗauka gado ne. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mai tsanani a kwalin maganin, sannan a 2017, bayan wasu manyan gwaje-gwaje, ta cire shi daga inhelar da ta haɗa magungunan biyu wuri ɗaya. Bugu da ƙari, a 2019 aka buga wani gwaji da aka yi a kan baƙar fata zalla. A cikin yara 'yan shekara 5 zuwa 11, kashi 46 cikin ɗari sun fi samun sauƙi da aka ƙara musu salmeterol, kashi 46 kuma da aka ƙara musu yawan maganin kumburi. Da aka auna yawan jinin Afirka da ke jikin kowane yaro, bai nuna wanda zai faɗa wane ɓangare ba. Saboda haka duk wanda ya ce muku magani kaza na Turawa ne, ba ya yi wa baƙin mutum, ku tambaye shi wane baƙin mutum.

Yanzu bari in dawo gida, in yi maganar goro. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yakan ci goro har bayan lisha ya kwanta ya yi minshari. Mahaifiyata kuwa in ta ɓantari ɓari guda bayan la'asar, to ranar sai ta ji kiran assalatu ido biyu. Abin da ke cikin goro da shayi da kofi, watau kafin, ɗan'uwa ne na kusa ga tiyofilin, tsohon maganin asma da da yawa cikinmu muka sha a ƙwayar Franol, ko aka yi mana allurar ɗan'uwansa aminofilin. Wani sinadari ne a hanta, mai suna CYP1A2, ke narkar da su duka, kuma saurin aikinsa ya bambanta ƙwarai daga mutum zuwa mutum, wani ɓangare na bambancin kuwa gado ne. Ni na biyo mahaifiyata. Ƙwaya ɗaya ta isa ta sa ni tashin zuciya da rashin barci, alhali ƙanena yana sha kamar alewa.

Haɗarin tiyofilin shi ne tazarar da ke tsakanin magani da guba ƙanƙanuwa ce. Abin da aka saba nema a jini shi ne miligiram 10 zuwa 20 a kowace lita. Ya wuce haka sai amai, sai rikicewar bugun zuciya, har farfaɗiya. Kuma ba gado kaɗai ke juya wannan sinadari ba. Hayaƙin taba yana ƙara masa sauri, shi ya sa mashayin da ya daina taba rana ɗaya, maganin da ya saba sha zai iya yi masa yawa. Sifro kuwa, wanda masu kemis ke miƙa wa duk wanda ya ce yana jin taifot, yana taka masa birki, haka ma eritromaisin. Ƙanen nan nawa da ke alfahari da ƙarfin hanta, wani mai kemis ya haɗa masa sifro a kan tiyofilin ɗinsa, kwana uku aka kwashe shi ranga-ranga zuwa asibiti. Gadon da ya yi bai cece shi ba. Likitoci yanzu sun ja baya ƙwarai daga wannan magani, amma yana nan a kantuna saboda arha.

Saura masu kwantar da kumburi, watau dangin sitiroyid. A nan ne nake da laifin da zan faɗa a gabanku.

'Yata ta fari ta gaje ni. Tana da shekara biyar likita ya ɗora ta a kan inhela mai ruwan ƙasa, safe da dare. Ta yi wata takwas ba mu ji usur a gidan ba. Sai wata gwaggona ta zo, ta ga abin, ta ce wannan ai shi ne ke hana yara tsawo, kuma ɗan'uwan sha-ka-fashe ne da 'yan mata ke sha don ƙiba. Maganarta ba ƙarya ce zalla ba, dangi ɗaya ne. Ni da na yi jami'a, na kuma san illolin firednisolon in an daɗe ana sha, kumburin fuska, hawan jini, ciwon sukari, raunin ƙashi, sai na ce wa maiɗakina mu ɗan dakata tunda yarinya ta warke. Ban tambayi kowa ba. A hunturun 2023, wajen ƙarfe biyu na dare, na ɗauke ta a kafaɗa leɓunanta sun canza launi. Kwana uku muka yi a asibiti ana ba ta iska, aka kuma ɗura mata sitiroyid ta baki da ta jijiya wanda ya ninka abin da na hana ta shaƙa sau da yawa. An gudu ba a tsira ba. Likitar da ta duba ta ba ta yi mini faɗa ba, tambaya ɗaya ta yi: "Malam, wa ya ce ku tsayar?" Har yau ina jin nauyin wannan tambaya.

Bayan mun dawo gida na nemi gaskiyar maganar tsawo. An bi wasu yara a Amurka da Kanada da suka shaƙi budesonayid shekaru huɗu zuwa shida, har suka girma, aka buga sakamakon a 2012. Bambancin tsawonsu da na sauran ya tsaya a wajen santimita 1.2. Faɗin ɗan yatsa ke nan. A kan faɗin ɗan yatsa na kusa rasa 'yata.

Amma akwai wata illa da ta fi wannan, kuma a nan gado ya fito fili. Bisa kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke samar da kotisol, sinadarin da jiki ke dogara da shi in ya shiga wuya, kamar zazzaɓi mai zafi ko tiyata. In sitiroyid na waje ya yi yawa ya kuma daɗe, sai ta yi kwance ta rage aiki. Alamunta gajiya, rama, amai, jiri, wani lokaci sukarin jini ya faɗi yaro ya suma. A 2018 masana a Jami'ar Libaful ta Ingila suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan yara 499 masu asma da ke kan sitiroyid, suka gano cewa waɗanda suka gaji wani canji a ƙwayar gado mai suna PDGFD ta wajen iyaye biyu, haɗarin wannan illa ya ninka musu wajen sau shida. Suka sake samun alamar haka a wasu yaran, da kuma manya masu wani ciwon huhu daban. Wannan ne ya sa yara biyu za su shaƙi abu ɗaya, ɗaya ba abin da ya same shi, ɗaya kuwa jikinsa ya yi sanyi. Shi ne kuma dalilin da ya sa wanda ya daɗe yana shan firednisolon ba ya yanke shi rana ɗaya, sai likita ya riƙa rage masa kaɗan-kaɗan har halittar nan ta farka.

Zan ambaci montelukas a gurguje domin iyaye suna sonsa, ƙwaya ce ba shaƙa ba. A 2020 hukumar nan ta Amurka ta sa masa gargaɗi mai tsanani saboda wasu na samun munanan mafarkai, fushi, baƙin ciki, har tunanin kashe kai. In yaro ya canza hali bayan fara shi, kada a ce aljanu ne ko rashin kunya, a koma wa likita. Haka nan wajen kashi 7 cikin ɗari na manya masu asma, asfirin da danginsa irin su ibufurofen suna tayar musu da ciwon.

Na san tambayar da ke bakin Ma'aji: ina ake wannan gwaji, nawa ne kuma? Amsa ita ce ko a Ingila da Amurka ba a sa gwajin gado cikin ƙa'idar ba da maganin asma ba, yana matakin bincike. Daɗin daɗawa, mafi yawan mutanen da aka yi manyan binciken gado a kansu 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka ba su wuce kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari ba, alhali Afirka ta fi kowace nahiya yawan bambancin gado. Shirin H3Africa da aka ƙaddamar a 2010 ya yi ƙoƙarin rage wannan giɓi. Ƙannenmu da ke can baya masu son kimiyya, ga fili nan ba kowa a ciki.

Kafin nan, gwajin da muke da shi shi ne bakin tsofaffinmu. Ni na sayi littafi mai bango mai kauri, na zauna da mahaifiyata da gwaggonnina na rubuta wa ke susa da kulorokwin, wa goro ke hana barci, wa ya taɓa kumbura da allura, wa fitsarinsa ya taɓa yin baƙi bayan shan magani. Duk sanda za mu ga likita da shi muke tafiya, tare da kwalayen duk abin da yarinyar ke sha, har na gargajiya. In magani ya yi illa, hukumar NAFDAC tana da takarda rawaya ta kai rahoto, ku nemi likita ko mai harhaɗa magani ya cika. Wanda ke shaƙar mai ruwan ƙasa ya kurkure baki ya zubar bayan kowace shaƙa, yana hana farin baki da dushewar murya. Wanda kuma ke shaƙar shuɗiya kusan kullum, kamar yadda na yi shekara shida a makarantar nan, ya sani tun 2019 ƙa'idar duniya ta kula da asma ta daina yarda a bar baligi ko matashi a kan shuɗiya ita kaɗai.

Mai girma Shugaba, jiya da yamma na leƙa asibitin makaranta. Ma'aikaciyar jinya ta nuna mini rajistarta, akwai masu asma a kowane gida na kwana, kuma yawancinsu shuɗiya kaɗai suka zo da ita daga gida. Ina gabatar da buƙata biyu ga wannan taro. Ta farko, a ware wani abu daga kuɗin gyaran ƙofar shiga a sayi inhela iri biyun da bututun shaƙa a ajiye kafin hunturu ya kama, likitocin ajinmu kuma sun yarda za su riƙa zuwa duba yaran sau ɗaya kowane zango. Ta biyu, a ƙara layi biyu a takardar ɗaukar sababbin ɗalibai, inda uba zai rubuta maganin da yaro ke sha da wanda ya taɓa yi wa wani a gidansu illa. Na rubuto yadda layukan za su kasance, takardar tana hannun Sakatare, in an yarda sai a sa ta cikin ajandar zaman la'asar.